Tsaga Biyu a Kunnen Hagu

Gidan Kanya, ta Kafur
4 ga Afrilu

Zuwa ga jikata Sa'adiya, likitar awaki,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, ina gaida maigidanki da ɗiyarku Kausar, da fatan sanyin Jos bai daskarar da ku ba. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Uwargida Hajjo na gaishe ki, ta ce tun sunan ɗan Talha ba ki sake tako mu ba, ko kin manta zumunci a ƙafa yake. Ni jikina da sauƙi, in ban da gwiwoyi da kunnuwan nan da kika sani. Don haka kar ki ce me ya hana ni kira a waya. Sai na hau tudun makaranta kafin in samu sabis, ke ki yi ta ihu ni in yi ta "na'am?", kati ya ƙare ba mu gaisa ba. Gara takarda. Mati direba yana kai masara Jos, ya ce zai miƙa maki.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne Duna ya mutu. Shekara goma sha ɗaya yana bin tumakina. Na san za a ce tsoho na makokin kare, su faɗa. Ni na san abin da na rasa. Bara da ƙarfinsa ya fara ƙarewa, sau biyu tumakin suka faɗa masarar maƙwabcinmu Malam Abdulrahman, ina gani ina ɗingishi na kasa tare su. Mutumin kirki ne, bai kai ƙara ba, amma kunyar da na ji har yau ba ta sake ni ba.

To ɗana Talha ya samu abin faɗa. Ya zo daga Funtuwa ya tanƙwashe ƙafa ya ce, "Baba, ka ga dai ƙafar nan ta ƙiya. Mun gyara maku ɗaki a gidana, har da fanka. A saida dabbobin nan ka huta hakanan." Na ce mashi fanka ba ta san muryata ba. Muka yi ta ja, a ƙarshe muka tsaya a kan magana ɗaya: in masara ta tsiro bana ba ni da karen da zai tsare mani garke, zan kai su kasuwa da kaina in bi shi birni. Na ba shi hannu a kan haka.

Su arba'in da ɗaya ne yanzu. Goma sha huɗu a ciki zuriyar tunkiyar nan ce da kakarki Lauratu ta bar mani ranar da aka kai ta gidan miji a Zariya, ta ce in riƙe mata kafin ta waiwayo. Ubana da ubanta wa da ƙane ne, lokacin ba ta da wanda ya fi ni kusa. Allah ya ji ƙanta, ba ta waiwayo ba, ni kuma ban daina riƙo ba.

Karnukan da ake samu a nan duk na farauta ne, in suka ga ɗan tunkiya sai su haɗiyi yawu. An ce a wajenku akwai masu kiwon karnuka na musamman. Ki duba mani. Ba mai kyau nake so ba, mai hankali nake so.

Ki huta lafiya.
Kakanki, Shitu

Jos
15 ga Afrilu

Zuwa ga Kaka Shitu, tsoho mai ran ƙarfe,

Amin, wa alaikumus salam. Takardarka ta same mu lafiya. Kausar ta yi mura amma ta warware. Ka ce wa Inna Hajjo na karɓi laifina, ina nan tafe da goron ban haƙuri. Maganin gwiwa yana cikin ledar nan, safe da yamma bayan an ci abinci. Kar ka ji tsoro, na mutane ne, likitan mutane ya rubuta.

Na yi maka jajen Duna, kuma ba da wasa ba. Ban manta shekarar da na zo hutu ba, kullum sai ya raka ni rafi ya zauna yana gadin takalmana.

Masu sayar da karnuka suna da yawa a garin nan. Wani zai nuna maka kwikwiyo a bakin titi ya rantse uwarsa daga Jamus ta zo, da ka ce a kai ka ka ga uwar sai labari ya sha bamban. Amma akwai wani Mista Dalyop a bayan Bukuru, shekara huɗu ni nake yi wa karnukansa allura. Shi zai nuna maka uwa da uba, ya buɗe maka littafin zuriyarsu har kaka ta biyar, ya kawo hoton ƙashin ƙugunsu da aka ɗauka a asibiti. Kuma ba kowa yake ba wa kare ba. Ya tsare ni da tambayoyi: tumaki nawa, wa zai ciyar, akwai inuwa, kuna ɗaure kare a rana? Sai da na yi gumi.

Irin nasa asalinsu daga ƙasar Beljiyam ne, jajaye masu baƙin baki, gashi gajere, kunnuwa a tsaye. Don kiwo aka yi su. Yana da karnuka mata biyu 'yan wata goma sha ɗaya, ciki ɗaya, ya riga ya koya musu aiki a kan tumakinsa, da usur yake ba su umarni. Ɗaya ita ce abin alfaharinsa, yana shirin kai ta gasar karnuka a Abuja a watan Nuwamba. E, Kaka, gasa. A jera su, alƙalai su duba haƙora da tafiya da tsayuwa, wanda ya fi a ba mai shi kofi. Na san ka ajiye takardar kana dariya. Ɗayar kuma wutsiyarta ta ɗan karkace, ba za ta shiga gasa ba.

Kowaccensu an sa mata wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya. In aka ɗora na'ura sai sunan mai ita ya fito, don haka ba sa ɓata.

Yanzu ka faɗa mini yadda ake gane mai hankali, tunda ba a koya mana wannan a jami'a ba. Maganar kuɗi kuma kar ka tayar, za mu ɓata.

Taka, Sa'adiya

Gidan Kanya
24 ga Afrilu

Likita,

Sallama da gaisuwa. Maganin ya karɓe ni, har na fara tsallake kwata. Na karanta wa Hajjo zancen gasar, ta yi salati ta ce duniya ta zo ƙarshe, kare da takardar haihuwa ita ba ta da ita. Na kuma tambayi Liman, ya ce karen kiwo ba laifi a ajiye shi in dai ba a ɗaki zai kwana ba. Hajjo ta ce ko Liman ya yarda, kar ya kusanci tukunyarta.

Ga yadda ubana ya koya mani. Ki je da sassafe kafin a ba su abinci. Ki ajiye nama a gefe, a saki tumaki a ɗaya gefen. Wadda ta kalli naman ta koma kan tumaki, ki sa mata ido. Na biyu, ki jefar da kwanon ƙarfe a bayanta tana cikin aiki. In ta ruga, matsoraciya ce. In ta hau haushi, mafaɗaciya ce. Wadda ake nema ita ce za ta waiga ta ga kwano ne ta ci gaba da abin da take yi. Na uku, ki ajiye mata jaririn ɗan tunkiya, ki kalli bakinta, kar ki kalli wutsiyar. Wutsiya ko a karkace take ba ita ke kiwo ba.

Wannan ƙwayar shinkafar kuwa ban gane amfaninta ba. Masu harbin karnukan yawo a ƙauyen nan ba su yawo da na'ura.

An yi yayyafi shekaranjiya, mutane sun fara gyaran gona. Ki hanzarta.

Kakanki, Shitu

Jos
8 ga Mayu

Kaka,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Inna Hajjo. Duk muna lafiya. Ga Mati nan, ga baƙuwarka, ga buhun abincinta da usur da katin da aka zana busa huɗu: tara, kora, dama da hagu, kwanta.

Na yi gwajinka guda uku, Mista Dalyop yana tsaye ya harɗe hannu yana yi mini kallon mahaukaciya. Mai karkatacciyar wutsiya ba ta ɓata lokaci ba, ta cinye naman. Ta gasar kuwa ta shinshina, ta dube ni, ta wuce wajen tumaki. Da na jefa kwano kunne ɗaya kawai ta juya. Ɗan tunkiyar kuma ta lashe masa fuska ta kwanta a gefensa. Sai ya ce, "Dokta, wane ne ya koya miki wannan?" Na ba shi labarinka tun daga Duna har fankar Talha.

Kwana uku yana tunani. Sannan ya ce ba zai sayar da ita ba, amma zai ba ka riƙo. Ta zauna a wurinka ta yi aiki, a watan Nuwamba a kawo ta ta shiga gasa, a mayar maka. Yana so ya nuna wa na Abuja cewa karensa ba na kwalliya ba ne kawai. Na sa hannu a takarda na tsaya maka.

Yanzu ka gyara tabarau ka karanta wannan sau biyu. Dole ta dawo masa yadda ya ba da ita. Kar a yanke mata wutsiya, kar a yi mata ƙuna, kuma don girman Allah kar aska ta taɓa kunnenta. Na san al'adar gida. Alƙalai kunne suke fara dubawa, ko ƙaramar tsaga ce sun fitar da ita ke nan har abada. In hakan ta faru yana da ikon karɓe abarsa, haka aka rubuta.

Allah ya sa ƙafarta da albarka.

Taka, Sa'adiya

Gidan Kanya
27 ga Mayu

Jikata ta kaina,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, an yi ruwa uku masu kyau, an gama shuka. Amma ke kin koyi rowar takarda a Jos? Mati ya sauke mani kare da buhu da usur, ya ce da baki aro ne, za ta je Abuja ta dawo, ya ja mota. Ko layi ɗaya babu. Na yafe maki, don abin da kika aiko ya fi takarda goma.

Da yake ita kaɗai ce mai takardar haihuwa a gidan nan, na sa mata suna Takarda. Kwana huɗu na farko ba ta kula ni ba, ina busa usur tana kallona kamar na ci mata bashi. Rana ta biyar muna fadama, tumakin suka nufi gonar Malam Abdulrahman, na yi busar tarawa. Sa'adiya, gani ya kori ji. Ta yi ƙasa da kai, ta zagaya ta bayansu ba haushi ba cizo, kafin in miƙe daga kan kututture duk arba'in da ɗayan suna gabana. Na zauna na yi ta dariya ni kaɗai har da hawaye. Malam Abdulrahman ya bar garmarsa ya zo kallo, ya ce, "Malam Shitu, wannan ai ta fi wasu 'ya'yan." Na ce ya rufa mani asiri kar Talha ya ji.

Hajjo kuwa, mai cewa kar a kusanci tukunyarta, jiya na kama ta a bayan rumbu tana zuba wa Takarda ƙanzo da romo. Ta ce wai zai lalace ne.

Ran Juma'a na yi mata abin da ya kamata. Kin san shaidar gidanmu tun daga kakana, tsaga biyu a kunnen hagu. Duk abin da ke cikin garken nan yana ɗauke da ita, tunkiyar Lauratu ta ɗauka, Duna ya ɗauka. Ba na yi wa dabba sai na yarda da ita. Na wasa aska, na yi bisimilla, Hajjo ce ma ta riƙe mata kai. Ta ɗan yi ƙara kaɗan, na shafa mata man kaɗanya, ga shi har ya fara kamewa. Yanzu daga nan har Kafur duk wanda ya gan ta ya san ta gidan Shitu ce, ba mai ɗaga mata bindiga. In ta je Abuja ma su san tana da dangi.

Masara ta tsiro, kare na nan. Ki ce wa Talha ya sayar da fankarsa.

Allah ya yi maki albarka, ya ba Kausar mai yi mata abin da kika yi mani. Zan ajiye wannan sai Mati ya biyo.

Kakanki, Shitu

Gidan Kanya
30 ga Mayu

Sa'adiya,

Sallama. Lafiyar jiki muna da ita.

Yau Mati ya zo yana sosa ƙeya. Takardarki ta ranar takwas ga wata ta faɗa bayan kujerar mota, sai jiya ya gan ta. Na karanta sau biyu kamar yadda kika ce. Na uku Hajjo ce ta sa na karanta mata.

Ga waccan da na rubuta maki kwana uku da suka wuce, na haɗa da wannan. Ban yaga ta ba. Ki fara karanta ta, ki ga wautar yadda na yi ta ina murna.

Ba zan ɗora wa Mati ba. Ya faɗa mani da baki cewa aro ne, kuma tun ina yaro na san ba a yi wa dabbar aro shaida. Zuciyata ce ta riga ta maida ta tawa. Mutum ya ba ni amanar abin da ya fi so bai taɓa ganina ba, ke kuma kika sa sunanki, ni na sa aska. Hajjo ta ce mu yi shiru, kafin Nuwamba gashi ya rufe. Na ce mata ko gashi ya rufe ni na sani.

Don haka ga Takarda nan a motar Mati. Ba sai ya aiko a karɓa ba. Ki kai mashi, ki karanta mashi takardun nan biyu kar ki rage komai, ki ce tsohon yana neman gafara. In akwai abin da ya hau kanki, nawa ne.

Masara ta kai taƙi ɗaya, kare kuma babu. Kyan alkawari cikawa. Na aika wa Talha, ranar kasuwar Kafur mai zuwa zan kai su.

Kar ki sa damuwa a ranki. Kin yi naki har ya yi yawa. Sati uku na yi ina kiwo a zaune kamar hakimi, wannan ma ba kowa ya samu ba. Na dai ji zafi da aka ɗora ta a mota, ba zan ɓoye maki ba.

Kakanki, Shitu

Jos
2 ga Yuni

Kaka, kar ka sayar!

Gaisuwar ta biyo baya. Muna lafiya. Na kira Talha har sau bakwai, ashe yana hanyar Legas da kaya, da na same shi ya ce zai nemi wanda zai hau babur ya zo maka. Ban sani ba ko ya samu. Ni kuma muna tsakiyar allurar rigakafin shanu, ba a ba kowa hutu. Mati ya ce sai ya sami lodin dankali zai taso. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na sake roƙonsa.

Ga yadda aka yi. Ranar da suka iso na yi kuka a bakin mota, rabi don kunnen rabi don takardarka ta farko. Na kai ta. Mista Dalyop ya durƙusa ya kama kunnen ya daɗe yana kallo. Ba zan yi maka ƙarya ba, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce shekara shida yana haɗa uwa da uba kafin ya sami irinta. Na ce a bar ni in karanta saƙo. Na karanta duka biyun, da Hausa, yana ji sarai. Ya shige gida ya bar ni a tsaye.

Washegari ya kira ni. Na same shi a bakin ƙofa, Takarda tana kwance ta ba gidan baya tana kallon titi, abincinta ba ta taɓa ba. Ya ce, "Dokta, shekara ashirin ina ba mutane kare. Wani ya bar nashi da yunwa ya ce ciwo ne. Wani ya sayar ya ce an sace. Ban taɓa ganin wanda ya dawo mini da kare da kanshi ya ce ni na ɓata ba." Sannan ya tambaye ni, "Da gaske wannan alama sai wanda ya yarda da shi yake yi wa?" Na ce da gaske. Ya ce, "Kofi dai ya tafi. In na riƙe ta, me zan yi da ita? Ki mayar wa baba. Ba aro ba, tashi ce." Ya ɗauko littafin zuriya ya rubuta sunanka a gaban nata.

Sharaɗi ɗaya ya kafa: bayan damina zai zo Gidan Kanya ka koya masa gwajin kwano da sauran abin da ubanka ya koya maka.

Allah ya sa wannan ta riga kasuwa. Na ɗaura ta a wuyan Takarda da zare, na ga ta fi Mati riƙon saƙo.

Taka har kullum, Sa'adiya

Gidan Kanya
12 ga Yuni

Zuwa ga uwar ɗakina Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ruwa na sauka, gwiwa na nan yadda take. Za ki ga dalilin sabon sunan a ƙasa.

Kasuwa ta riga ki da kwana biyu. Mai babur ɗin Talha ya zo, amma rafi ya kawo ranar, sai da yamma ya haye, lokacin na dawo. Na sayar da ashirin da bakwai. Ban tsaya na ga an loda su ba.

Goma sha huɗun na kai su har bakin kara, dillali ya kama kunnen babbar yana taya ta, sai na ji bakina ya ƙi cewa albarka. Ba nawa ba ne. Lauratu cewa ta yi in riƙe, ba ta ce in sayar ba, kuma kwanan nan na ga abin da ke faruwa in mutum ya maida kayan amana nasa. Na koro su gida da niyyar in rubuto in tambaye ki da iyayenki yadda za a yi da su.

Ranar da Mati ya iso, bai gama tsayawa ba ta diro. Ba ta zo wurina ba, garke ta nufa. Ta zagaye su sau uku, ta leƙa bayan rumbu, ta ruga fadama ta dawo, sannan ta tsaya a gabana tana kallona. Ta san ba su cika ba. Na ce mata, "Ni na yi, ki yi haƙuri." Hajjo ta shige ɗaki, ta ce hayaƙi ne ya shiga idonta, alhali ba a hura wuta ba.

Talha ya zo jiya. Na nuna mashi takardarki, na ce alkawarinmu a kan kare ne, ga kare. Ya zauna a kan kututture ya ga yadda take aiki. Da zai tafi ya ce zai kawo fankar nan Gidan Kanya da ɗan faranti mai ɗaukar hasken rana.

To kin ji. Ba ni da tunkiya ko ɗaya a duniya yanzu, sai kare. Garken naku ne, ni makiyayinku ne, in kun yarda in ci gaba da riƙo. Tara a cikinsu suna da ciki. Ina neman izininki, ɗan da aka fara haifa in ajiye wa Mista Dalyop, ya tarar da shi in ya zo.

In kin yarda, ki tambayar mani shi: a yi wa ɗan ragon nasa tsaga biyu a kunnen hagu, ko a bar shi haka? Askar tana cikin kube. Wannan karon sai amsa ta zo.

Kakanki kuma makiyayinki,
Shitu